Darasi: Yadda Za Ka Yi Amfani da Wayarka Wajen Gano Tsuntsaye Masu Ƙaura a Lokacin Kaka

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san shamuwa. Da ta sauka a kan tsamiya ko kuka ta fara haɗa sheƙa, manomi ya san damina ta ƙarato. Da ruwa ya ɗauke aka shiga girbi, sai a neme ta a rasa, ta yi gabashi da kudancin Afirka. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a daidai lokacin da shamuwa ke tafiya wasu baƙin ke sauka. Daga watan Satumba zuwa Nuwamba, tsuntsayen da suka yi ƙwai suka ƙyanƙyashe a Turai da yammacin Asiya suna tsallako hamadar Sahara su sauka a fadamu da gonakin bakin hamada, tun daga Senegal har Sudan. Wani bincike da masana a Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta Suwizalan suka fitar a 2009 ya ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2.1 ne ke yin wannan tafiya daga Turai duk kaka.

A darasinmu na yau za mu koyi yadda mai karatu zai yi amfani da wayarsa, da madubin hangen nesa in yana da shi, ya gane waɗannan baƙi, sannan ya aika da rahoton abin da ya gani zuwa inda zai yi amfani. Za kuma mu duba wuraren da manhaja ke yin kuskure, domin rahoton da ba daidai ba ya fi rashin rahoto illa.

Yadda tafiyar take

Faɗin Sahara daga arewa zuwa kudu ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, kuma galibinta babu ruwa babu abinci. Man da tsuntsu ke tafiya da shi kitse ne. Kafin ya tashi zai yi makonni yana ci, har wasu ƙananan nau'o'i su kusa ninka nauyinsu. Yawancin ƙananan tsuntsaye da dare suke tashi, lokacin da iska ta yi sanyi, da rana kuma su sauka su fake a inuwar dutse ko ta ƙaya. Suna gane hanya ta hanyar rana da taurari da kuma maganaɗisun duniya.

Manyan tsuntsaye irin su farar shamuwa ta Turai da wasu shahuna da rana suke tafiya. Suna hawa iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa, su yi sama suna kewayawa, sannan su zamo gaba ba tare da yawan kaɗa fiffike ba. Irin wannan iska ba ta tasowa a kan teku, shi ya sa suke taruwa a wuraren da teku ta tsuke: mashigin Jibralta tsakanin Sifen da Maroko, wanda faɗinsa bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi tsukewa, da mashigin Bosforus a birnin Istanbul.

Amfanin wannan bayani ga mai kallo shi ne, tsuntsun da ka gani da sassafe a watan Oktoba yana tsattsagar ƙwari a kan gawo, mai yiwuwa ne bai daɗe da fitowa daga hamada ba. A gajiye yake, kuma yana bukatar ci fiye da komai.

Na'urorin da suka tona asirin ƙaura

An daɗe ana jayayya a Turai kan inda tsuntsaye ke ɓacewa da sanyi, har wasu suka ɗauka tsattsewa na kwana ne cikin laka a ƙarƙashin ruwa. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, ɗauke da mashi ɗan Afirka a soke a wuyanta. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Wannan na daga cikin hujjojin farko da suka nuna inda tsuntsayen ke zuwa.

A 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara ɗaura wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa. Zobe yana nuna wuri biyu kawai: inda aka ɗaura shi da inda aka sake ganinsa. Abin da ya faru a tsakani ba a sani ba.

Yanzu akwai na'urori iri biyu da ke cike wannan giɓi. Ta farko ƙaramar na'ura ce mai auna hasken rana, nauyinta bai kai giram ɗaya ba. Tana ajiye lokacin fitowar rana da faɗuwarta a kullum, daga nan a lissafa inda tsuntsun yake a doron ƙasa. Matsalarta ita ce ba ta aika saƙo, sai an sake kama tsuntsun an cire ta. Da ita aka gano, a wani bincike da aka buga a 2012, cewa tsuntsun da ake kira Northern Wheatear, mai nauyin giram 25 kacal, yana tashi daga Alaska ya ratsa Asiya ya sauka a gabashin Afirka, tafiyar kusan kilomita 14,500. Ta biyu ita ce mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam ko ta layin waya, wadda ke caji da hasken rana. Ƙungiyar BTO ta Birtaniya ta fara ɗora irinta mai nauyin giram 5 a kan tsuntsun Cuckoo a 2011, aka ga yana tsallake Sahara har ya dangana da dazukan Kwango.

Waɗannan na'urori suna da tsada, kuma tsuntsaye ƙalilan ne ke ɗauke da su. Ba za su gaya maka tsuntsu nawa ne suka sauka a fadamar garinku bana ba. Wannan sai idon mutum, kuma a nan ne wayarka ta shigo.

Kayan aiki

Waya: kowace Android ko iPhone mai GPS da kyamara ta wadatar. GPS ba ya bukatar data, da tauraron ɗan'adam yake aiki kai tsaye, saboda haka ko babu sabis wayar za ta san inda kake. Amma GPS da hasken allo suna shan caji, musamman a rana. Ka tafi da fawa bank, kuma kada ka bar wayar a rana ta yi zafi.

Madubin hangen nesa: za ka ga lamba biyu a jikinsa, misali 8x42. Ta farko tana nufin zai kusanto da abu sau 8. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne, milimita 42, kuma shi ke nuna yawan hasken da zai shiga. Ga mai farawa 8x42 ko 8x32 sun fi dacewa. Mai 10x42 yana kusantowa fiye da haka, amma rawar hannu ta fi bayyana a cikinsa, kuma filin da kake gani ya fi ƙanƙanta. Ka guji waɗanda ake rubuta musu manyan lambobi irin su 60x ko 100x a kan farashi mai rahusa, da waɗanda gilashinsu ke ƙyalli ja. Kafin ka biya, ka hango turken lantarki mai nisa da shi. In ka ga turken ya rabu biyu, ko ka ji idonka na ja, bututun biyu ba su daidaita ba. Ka ajiye shi.

Ga yadda ake saita shi sau ɗaya:

1. Ka buɗa ko ka tsuke bututun biyu har sai ka ga da'ira ɗaya.
2. Ka rufe gilashin dama da tafin hannu, ka juya abin saitin da ke tsakiya har abin da kake kallo ya fito sarai a idon hagu.
3. Ka rufe gilashin hagu, ka juya zoben da ke jikin maduban ido na dama har shi ma ya fito sarai.
4. Daga nan na tsakiya kawai za ka riƙa juyawa.

Dabarar kama tsuntsu a madubi ita ce kada ka ɗauke ido daga kansa. Ka ɗago madubin zuwa idonka, kada ka sunkuya ka nemi madubin. In kana son hoto, ka ɗora kyamarar waya a kan madubin ido ɗaya ka ɗauka. Hoton ba zai yi kyan na gasa ba, amma ya fi wanda za ka samu in ka ja hoto da yatsu a allo, domin wannan jan ba ya ƙara komai, yanka hoton kawai yake yana faɗaɗa shi. Da hunturu ya fara kaɗawa kuma, kada ka goge gilashi da gefen riga. Ka hure ƙurar tukuna, don yashi na karce gilashi.

In ba ka da madubi, kada wannan ya hana ka fita. Tsuntsaye da dama daga cikin waɗanda za mu lissafa ana iya gane su da ido.

Manhajoji huɗu

Merlin Bird ID: ɗakin binciken tsuntsaye na Jami'ar Cornell da ke Amurka ne ya fitar da ita a 2014, kuma kyauta ce. Tana gane tsuntsu ta hanya uku. Ta farko, za ta yi maka tambaya biyar: ina ka gan shi, yaushe, girmansa, launinsa, da abin da yake yi. Ta biyu, ka ba ta hoto. Ta uku, ta saurari kukansa, tsarin da aka ƙara a 2021. Bayan ka saka ta, ka sauke kundin tsuntsayen yankinku. Kundin na iya kai ɗaruruwan megabayit, saboda haka ka sauke shi a Wi-Fi, daga nan zai yi aiki ba tare da intanet ba.

eBird: ita ma ta Cornell ce, an buɗe ta a 2002, ta karaɗe duniya a 2010. Ba ta gane maka tsuntsu. Rumbu ce da kake zuba rahotonka a ciki, masu bincike su ɗiba. Asusu ɗaya ne ke buɗe ta da Merlin.

BirdLasser: manhaja ce daga Afirka ta Kudu, kuma da ita ake aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda aka fara a ƙarshen 2015 ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos. An raba ƙasar zuwa murabba'ai masu kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance. Cikakken rahoto na bukatar aƙalla awa biyu na dubawa a cikin murabba'i ɗaya, a cikin kwana biyar.

Animal Tracker: daga Cibiyar Max Planck ta Jamus. Tana nuna a taswira inda dabbobi da tsuntsayen da aka ɗora wa na'ura suke, har da fararen shamuwa. Ka buɗe ta a watan Satumba ka bi guda ɗaya kullum, za ka fahimci ƙaura fiye da yadda kowane littafi zai bayyana maka.

Akwai kuma shafin xeno-canto, inda mutane daga ko'ina suke ajiye kukan tsuntsaye kyauta. Amma in ka ji ana maganar BirdCast, mai hasashen daren da tsuntsaye za su tashi ta amfani da na'urar rada ta hasashen yanayi, ka sani Amurka kaɗai yake wa aiki.

Ina za ka je, kuma yaushe?

Wurin da ya fi shahara a arewacin Najeriya shi ne dausayin Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe, inda akwai wurin kare tsuntsayen ruwa na Dagona da gandun Baturiya. Tafkin Nguru da mashigin Marma ne wuri na farko da Najeriya ta sa a jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. A Nijar akwai tafkin Madarunfa kusa da Maraɗi da na Tabalak a jihar Tawa.

Amma ba sai ka yi doguwar tafiya ba. Kowace fadama, bakin dam, gonar shinkafa, kududdufin da bai ƙafe ba, ko gonar da aka girbe aka saki shanu, wurin kallo ne. Ka lura da itatuwa ma. Binciken da masanin nan ɗan Holan Leo Zwarts da abokan aikinsa suka yi a faɗin Sahel ya nuna ƙananan baƙin tsuntsaye sun fi taruwa a itatuwa masu ƙaya irin su gawo da aduwa, inda ƙwari suke da yawa. Darbejiya ba ta cika tara su ba. Gawo kuwa a kaka yake fitar da ganye, daidai lokacin da baƙin ke isowa.

Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar. Ka sa rana a bayanka, in ba haka ba duk tsuntsun da ka gani baƙi zai fito. Ƙananan tsuntsaye suna fara bayyana tun a Satumba, agwagwin ruwa kuma sun fi yawa daga Nuwamba zuwa Janairu.

Baƙi takwas da za ka fara da su

Mun kawo sunayensu kamar yadda za ka same su a manhaja.

1. Yellow Wagtail: siriri ne, cikinsa rawaya, yana tafiya a ƙasa yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Za ka gan shi a tsakanin ƙafafun shanu a fadama yana kama ƙwarin da suka tayar.
2. Northern Wheatear: yana tsayawa ƙyam a kan hoge ko dutse a gonar da aka girbe. In ya tashi za ka ga fari fat a gindin wutsiyarsa.
3. Woodchat Shrike: ƙeyarsa ja ce, fuskarsa baƙa, cikinsa fari. Yana zama a ƙolin ƙaya yana jiran fara.
4. Common Sandpiper: yana bin bakin ruwa shi kaɗai, bayan jikinsa na rawa kamar ba zai iya tsayawa ba.
5. Ruff: mai dogayen ƙafafu, launin ƙasa, yana yawo garke-garke a gonakin shinkafa. Namijin ya fi macen girma sosai.
6. Garganey: ƙaramar agwagwar ruwa, ba ta kai kirinjijiya tsayin wuya ba. A hoto za ka ga namijin da farin layi a saman ido, amma sai wajen ƙarshen sanyi wannan ado ke fitowa. A kaka kama da macen yake yi.
7. Western Marsh Harrier: shaho ne mai shawagi ƙasa-ƙasa a kan kacalla, fikafikansa a ɗage kaɗan sama.
8. European Turtle Dove: ta yi kama da kurciya, amma tana da zane baƙi da fari a gefen wuya, fikafikanta kuma kamar ɓawon kifi masu ruwan lemo. Yawanta ya ragu ƙwarai, har ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin masu fuskantar barazana a 2015. Ganinta abin rahoto ne.

Yadda za ka cike rahoto a eBird

1. Da ka isa wurin, ka buɗe manhajar ka danna "Start Checklist". Za ta ɗauki lokaci da wuri da kanta, ta kuma auna nisan da ka taka.
2. Duk tsuntsun da ka gane, ka nemo sunansa ka sa adadi. Ƙiyasi ya fi alamar X amfani. In garke ne babba, ka ƙirga goma, ka ga faɗin da suka ci, sannan ka auna sauran goma-goma.
3. Ka rubuta 'yan gida ma: balbela, hazbiya, kurciya, zalɓe, cilakowa. Kada ka tsaya ga baƙi kawai.
4. In ka bar fadama ka shiga gari, ka rufe wannan rahoto ka buɗe sabo. Gajerun rahotanni da yawa sun fi dogo guda ɗaya amfani. Kada tafiya ɗaya ta wuce kilomita 8.
5. A ƙarshe za ta tambaye ka ko wannan cikakken jeri ne na duk abin da ka iya ganewa. In ka rubuta duk wanda ka gane, ka amsa da e, ko da akwai waɗanda suka gagare ka.
6. Ka aika idan ka samu sabis. Rahoton zai jira a wayar.

Tambaya ta biyar ita ce ginshiƙin tsarin. Cikakken jeri yana gaya wa mai bincike abin da ke wurin da abin da ba a gani ba. Idan mutum ya yi minti arba'in a fadama bai ga Ruff ko ɗaya ba, wannan ma bayani ne, musamman in bara a wannan mako ya ga ɗari biyu.

Inda manhaja ke yin kuskure

Merlin ba ta san tsuntsu yadda mafarauci ya san shi ba. In ta ji sauti, tana mayar da shi hoto mai nuna kaifin murya da lokaci, sai ƙirƙirarriyar basira ta kwatanta hoton da dubban waɗanda aka koyar da ita da su. Mafi yawan sautukan da aka tara daga Amurka da Turai suke, saboda haka ta fi ƙwarewa a kan tsuntsayen can. Idan ɗan gida ya yi kuka bai cikin waɗanda ta koya, tana iya yin shiru, tana kuma iya laƙaba masa sunan wani baƙo mai kama da muryarsa. Ƙari a kan haka, yawancin baƙin ba sa rera cikakkiyar waƙarsu a kaka, ɗan gajeren kira kawai suke yi, kuma shi ya fi wuyar ganewa.

Ga misali biyu da ke yawan ruɗa masu farawa. Tsattsewar Turai, Barn Swallow, tana da maƙogwaro ja mai duhu da cikakkiyar baƙar ɗamara a ƙirji. Ethiopian Swallow, wadda ke zaune a garuruwanmu tana gina sheƙa a gine-gine, maƙogwaronta fari-fari ne, ɗamarar kuma a yanke take a tsakiya. Haka ma shirwa. Wadda muka saba gani bakinta rawaya ne, wadda ke zuwa daga Turai bakinta baƙi ne. Amma 'ya'yan tamu ma bakinsu baƙi ne kafin su girma, saboda haka baƙin baki shi kaɗai bai isa hujja ba.

Ƙa'idar ita ce: abin da Merlin ta faɗa shawara ce. Kada ka sa tsuntsu a rahoto sai ka gan shi da idonka alamominsa sun dace, ko ka saurari kukan ka kwatanta da na xeno-canto ka gamsu. In ka tsaya tsakanin biyu, eBird tana da zaɓin da ke nuna dangin tsuntsun kawai, misali "swallow sp.", wato tsattsewa ce amma ba a tantance wace iri ba. Babu kunya a wannan. In kuma ka sa wani da ba a saba gani a yankin ba, manhajar za ta nemi ƙarin bayani, wani mai tantancewa na sa-kai kuma zai iya aiko maka da imel. Ka rubuta abin da ka gani da idonka, kada ka rubuta "Merlin ce ta ce". Ka haɗa da hoto ko sauti ko da bai yi kyau ba.

Wajen ɗaukar sauti, ka tsaya cak, ka juya gindin wayar inda makirfo yake zuwa wajen tsuntsun, ka ba iska baya, ka bar shi ya ɗauki aƙalla daƙiƙa talatin.

Tsaro da ladabi

Baƙon mutum ɗauke da madubin hangen nesa yana danna waya a bayan gari abin zargi ne a wurare da yawa a yau. Kafin ka shiga fadamar da ba ta garinku ba, ka je ka gaida mai unguwa ko sarkin ruwa ka faɗi abin da ya kawo ka. In ya haɗa ka da wani, ka karɓa. Masunta da makiyaya sun san inda tsuntsaye ke kwana fiye da kowace taswira. Kada ka ɗaga madubi ko kyamara kusa da shingen jami'an tsaro, barikin soja ko filin jirgi, kuma kada ka je inda mutanen wurin suka ce babu lafiya. Rahoton eBird kowa na iya ganinsa, saboda haka in daga gida kake kallo, ka matsar da alamar taswira zuwa bakin titi, kada ka sa wa wurin sunan gidanka.

Su ma tsuntsayen suna da haƙƙi. Kada ka kunna musu kukan 'yan'uwansu a lasifikar waya don su matso, kuma kada ka tayar da garke don ka samu hoton tashi. Duk tashin banza kitse ne ya ƙone. In ka tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa, ko ka gani a hannun mafarauci, ka ɗauki hoton rubutun zoben duka, ka shigar da lambar da wuri da rana a shafin ring.ac. Galibi za a aiko maka da bayanin inda aka ɗaura shi.

Me rahotonka zai ƙara?

A bazarar 1969 masu ƙirgar tsuntsaye na sa-kai a Birtaniya suka lura cewa wani ƙaramin tsuntsu, Common Whitethroat, bai dawo daga Afirka yadda ya saba ba. Yawansa ya faɗi da kimanin kashi 70 cikin ɗari a shekara ɗaya. Da aka bincika, sai aka gano ƙarancin ruwan sama a Sahel ne sanadi, farkon farin da ya zo ya halaka dabbobi da amfanin gona a farkon shekarun 1970. An gano abin ne saboda a can akwai talakawan mutane masu ƙirga tsuntsaye a wuri ɗaya duk shekara. A wannan ɓangare na hamada, inda matsalar ta faru, masu ƙirgar ƙalilan ne.

Har yanzu giɓin yana nan. Ka buɗe taswirar eBird ka kwatanta Ingila da yankin Sahel, za ka ga bambancin da idonka. Alhali abubuwan da ke canza rayuwar waɗannan tsuntsaye a nan suke faruwa: madatsun Tiga da Challawa sun canza yadda ruwa ke malala a dausayin Haɗeja da Nguru, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ana sare gawo da aduwa don itace. Waɗannan su ne dai abubuwan da ke taɓa masunci da manomin rani da makiyayi. Fadamar da ta daina tara tsuntsaye, ba da daɗewa ba za ta daina ba da kifi da ciyawa.

Aikin gida

Ka zaɓi wuri ɗaya da za ka iya zuwa a ƙafa. Ka je sau ɗaya a mako, a lokaci ɗaya, na minti talatin, daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, ka aika cikakken jeri kowane zuwa. Ka rubuta ranar da ka fara ganin kowane baƙo, da ranar da ka yi wa shamuwa ganin ƙarshe. Asabar ta biyu a watan Oktoba ita ce Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya. Ka ja aboki ɗaya ku fita tare a ranar, ɗaya na kallo ɗaya na rubutawa. A makon farko mai yiwuwa tsuntsu biyar kawai za ka iya ganewa. Ka aika da biyar ɗin, in dai ka tabbata da su.